Hoto Dubu Tara da Ƙeyar Glenys

Ƙanwata Glenys ta rasu ranar Litinin da hantsi. Ranar Talata muka je gidan masu shirya jana'iza, ni da mijinta Neville. Matar da ke riƙe da wurin, Maxine, ta zaunar da mu, ta ba mu shayi, ta ce mu kawo mata hoto.

"Guda ɗaya nake so, wanda fuskarta ta fito sosai," in ji ta. "Za mu ƙara masa girma mu ɗora a kan akwatin gawar, shi ne kuma zai hau takardar da za a raba wa mutane. Jana'iza Juma'a ce, don haka ya iso ni kafin yammacin Alhamis."

Neville ya gyara zama, har da ɗan murmushi, mutumin da matarsa ba ta cika kwana ɗaya da rasuwa ba.

"In dai hoto ne ai kin samu mai shi," ya ce. "Na majigi kaɗai ina da dubu tara da ɗari huɗu da goma sha biyu. Ban ma taɓo na kwamfuta ba."

Ni dai na san hotunan nan. Shekara hamsin da ɗaya ana nuna mini su.

Maganar hoton ta tsaya mini a rai ne saboda alkawari. Akwai wani hoton Glenys a katin shaidarta, wanda aka ɗauka bara bayan an fara mata magani, fuska a kumbure, gashi ya zube. Sati biyu kafin ta tafi, a gadon asibiti, ta kama hannuna ta ce, "Coral, in kika bari aka ɗora mini wancan na katin, sai na tashi na shaƙe ki. Ki nemo wanda nake kama da mutum." Na ce ta bar mini wannan, an gama. Da ina da nawa hotunan da ban nemi komai wurin kowa ba. Amma ambaliyar da ta cinye garinmu Lismore shekara biyu da suka wuce ta kai har rufin gidana, hotunan gidanmu kaf, na yarintarmu da na bikinta, suka zama taɓo. Gidan Neville kuwa yana kan tudu a unguwar Goonellabah, ko ɗigo bai taɓa tarkacensa ba.

Mu 'ya'yan bayan yaƙi ne, ni da Glenys da Neville. Iyayenmu maza sun dawo daga New Guinea da zazzaɓi a jiki da shiru a baki, suka haife mu rututu, sannan suka shiga cika gidaje da kayan da ake jona wa wuta, wai don kada mu sha wahalar da suka sha. Ina 'yar shekara tara firji ya shigo gidanmu, mai kawo ƙanƙara ya daina biyowa ta layinmu, kuma babu wanda ya tambayi inda ya ƙare. Da talabijin ya zo, barandar kowane gida ta mutu cikin wata guda. Maƙwabtan da ke hira ta kan shinge suka koma ciki, kowa ya rufe ƙofa yana kallon abin da na kusa da shi ke kallo. Muka taso da imani guda ɗaya, cewa duk abin da ya fito bana ya fi na bara. Ban cire kaina ba. Na taɓa bin layi na awa biyu don in sayi wuƙar yanka nama mai aiki da lantarki, na yi amfani da ita sau uku, a na ukun ta yanke wayar kanta.

To amma in mu mabiya ne, Neville limami ne. Shekara arba'in ya yi a ma'aikatar waya yana jan igiya daga turke zuwa turke don mutane su ji muryar juna, shi kuwa ban taɓa jin ya kai hira ƙarshe ba in ba ta inji ba ce. Shi ya fara sayen injin yankan ciyawa a layinsu, ya kashe wa unguwa barcin safiyar Lahadi har abada. Shi ya fara talabijin mai launi, shi ya fara bidiyo, shi ya fara wayar hannu mai nauyin bulo. Kowanne sai ya kira mutane su zo su gani, ya tsaya a gefensa yana shafa shi kamar shi ya haife shi. Idan sabo ya fito, tsohon ya koma gareji cikin kwalinsa, da takardar bayaninsa.

Kyamarar kuwa ta riga Glenys shigowa rayuwarsa, kuma ba ta taɓa bar mata wurin ba. Irin wadda ke fitar da ƙananan hotuna na fim ce, kowanne cikin ɗan firam na kwali, sai an sa a majigi an haska a bango. Wata mujallar masu ɗaukar hoto ta gaya masa abu biyu tun yana saurayi, ya riƙe su kamar aya. Na ɗaya, a tsayar da mutum kusa da babban abu don a gane girmansa. Na biyu, mutumin ya kalli abin, kada ya kalli kyamara. Ya kuma karanta cewa ja ya fi fitowa a fim, saboda haka kyautar farko da ya yi wa ƙanwata bayan aure rigar sanyi ce ja. Ta yi murna, baiwar Allah, ta ɗauka so ne.

Hutun amarci tsaunukan Snowy ya kai ta, suka bi madatsun ruwa ɗaya bayan ɗaya har goma sha ɗaya. Daga nan shi ke nan. Duk hutu sai an nemi gada, ko tashar lantarki, ko wani ƙaton ramin haƙar ma'adinai, a je a tsayar da Glenys a gefe. In sun dawo a gayyace mu ranar Asabar da yamma, a ja labule, majigi ya shiga gurnani. Mijina marigayi Lindsay a nan ya koyi barci ido buɗe. Glenys kuma tana yawo cikin duhu da farantin cuku da albasa mai tsami a soke da tsinke, tana tuntuɓe da ƙafafun mutane, tana ba da haƙuri.

Ranar Laraba da ƙarfe takwas na safe na hau tudu na same shi ya riga ya shirya. Ya rataya barguna a tagogi, ya kafa farin allo, ya jera akwatunan hotuna bisa shekara. Ya ma yi aski. Na daɗe ban ga mutumin nan cikin nishaɗi irin na ranar ba.

"Mu fara daga farko," ya ce.

"Mu fara daga inda take."

"Ai tsari ne da su, Coral. In aka tsallake sai a rikice."

Na farkon da ya haska allon talabijin ne, wani abu fari-fari yana motsi cikin toka. Ranar da aka sauka a duniyar wata ke nan, ya zauna gaban akwati ya ƙarar da fim guda, hoto talatin da shida. Na ce ya wuce. Muka zo ranar aurensu. Ya ƙi ɗaukar mai hoto a lokacin, wai ga shi ga kyamara me za a yi da wani. Abin da ya fito motar da aka yi haya ce, ta gaba, ta baya, ta gefe, har da injinta a buɗe. A ɗaya ana ganin wani farin abu ta gilashi, rana ta haske shi.

"Ga ta nan a ciki," in ji shi.

"Wannan mayafi ne, Nev."

"To ai ita ce a ƙarƙashinsa."

Ya danna, wani ƙaton bango ya cika allon.

"Madatsar Eucumbene ke nan, shekarar saba'in da uku. Kin san tsayinta kuwa?"

"Ina Glenys?"

"Ƙasa, ta hagu. Jan nan."

Na matsa har hancina ya kusa taɓa allon. Wani ɗigon ja ne, ya ba mu baya, yana kallon ruwa.

"Ƙeyar ƙanwata na san ta," na ce. "Ni na riƙa yi mata kitso muna makaranta. Fuska aka ce mu kawo."

"Akwai na kusa, ki yi haƙuri mana."

Akwai na kusa kuwa. Ƙeyar Glenys gaban sabon firji. Ƙeyar Glenys tana kallon jirgin ruwa. Kafaɗar Glenys da rabin kunne kusa da tayar wata motar haƙar gawayi da ta fi gidana tsayi. Hannun Glenys riƙe da ma'auni kusa da ƙanƙarar da ta faɗo daga sama a tamanin da biyar. Rigar ja ta tsufa a idona, ta koɗe, aka sayi wata, ita ma ja. Ƙugun ya ƙara faɗi, gashin ya yi furfura. Na zauna ina kallon ƙanwata tana tsufa ta baya, shi kuma yana gaya mini yawan simintin da aka zuba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na lissafa na ga a wannan tafiyar sai an binne mu mu ma ba a kai hotunan shekarar tamanin ba. Na tashi na fizge bargo daga taga, na ɗebi hotunan da hannu ina ɗaga su ga haske ɗaya-ɗaya ina jefawa kan tebur. Sai ga shi ya miƙe, murya na rawa.

"Ta gefe ake riƙewa. Coral, za ki bar musu shatin yatsa. Kin haɗa saba'in da tara da tamanin."

Ranar Litinin a asibiti ina tsaye likita ya gaya masa ta rasu, muryarsa ba ta yi wannan rawar ba. Na lura, kuma na ajiye.

Da azahar muka koma kwamfuta, inda yake da wasu dubbai. Can ma ba ta ko samu matsayin ma'auni ba, don ƙafafunta sun daina hawa tudu. Faifan hasken rana a kan rufi. Mitar wuta, duk ranar ɗaya ga wata, shekara goma sha huɗu. Sabuwar mota mai aiki da batir. A wani hoton injin tsotsar ƙura mai yawo da kansa ana ganin silifas ɗinta a gefe, ta ɗaga ƙafa ɗaya don ya wuce.

Na fita baranda na kira matan ƙungiyar ɗinki ta cocinsu. Merle, wadda suka yi shekara arba'in tare, ta ce ai dole akwai, ta shiga lalube a wayarta. Ta samo na cin abincin Kirsimeti, mata goma sha biyu da hulunan takarda, da gwiwar hannun Glenys a ƙofar kicin tana miƙo butar shayi. Ba su haifi 'ya'ya ba, balle a ce wani ya riƙe ta ya ɗauka da ƙarfi. Kowa a dangi ya bar wa Neville harkar hoto, tunda shi ne mai kyamara mai tsada. Ni ma haka na yi.

Ƙarfe huɗu na dawo ciki na zauna. Saura kwana ɗaya, kuma abin da ke hannuna shi ne hoton katin nan da ta ce za ta shaƙe ni a kansa.

"Nev," na ce, "shekara hamsin ba ta taɓa juyowa ba? Ko sau ɗaya?"

"Takan juyo mana. Ta sha ɓata mini hoto."

"Suna ina?"

"Waɗanda suka lalace? Me za ki yi da su?"

"Suna ina, Neville?"

Suna gareji, tsakanin tsohon bidiyo da injin yin burodi. Mutumin da bai taɓa zubar da kwali ba ina zai zubar da fim. Akwatin takalmi ne, ya rubuta "Lalatattu" a kai da kyakkyawan rubutunsa na ma'aikacin gwamnati. Sun kai ɗari biyu. Yawancinsu babban yatsansa ne ko duhu. Amma a goma sha ɗaya Glenys ta juyo. Goma sun yi dishi-dishi saboda motsi, ba a gane komai. Na ƙarshen a Parkes ne, tamanin da ɗaya, gaban wata ƙatuwar na'ura mai siffar faifai da ke sauraron taurari. Iska ta nemi ɗauke mata hula, ta dafe ta da hannu ɗaya ta waiwayo tana dariya.

A jikin fim ɗin fuskar ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Da ya haska a allo ta kai lemon tsami, kuma babu ido babu hanci, sai tabo-tabo na haske da inuwa. Amma na san dariyar nan, na san yadda take karkata kai in abu ya ba ta dariya ba ta so a gani. Na yi kuka a wurin, irin wanda ban yi ba ranar Litinin.

Neville ya bari na gama, sannan ya ce, "Ba laifi, amma ya yi ƙanƙanta. Bar mini shi. Akwai wata manhaja da ta fito, tana ɗaukar hoto irin wannan ta fito da shi tas."

"Ka kai wa Maxine yadda yake. A yanko wurin, ko da dishi-dishi ne."

"Haka? Gaban mutum ɗari? Ai sai a ce ban iya hoto ba."

Na gaji, kaina na sara, na bar shi da shi. Wannan kuskurena ne, ban ɗora wa kowa ba.

Ranar Alhamis da ƙarfe uku muka haɗu a wurin Maxine. Ya shigo da wani babban firam naɗe cikin tawul, ya jingina shi a kujera, ya sa muka ja da baya taku biyu, sannan ya yaye tawul ɗin kamar mai buɗe sabon asibiti.

Hular ta Glenys ce, rigar ma tata ce, har da hannun da ya dafe hular. Matar da ke ƙarƙashin hular kuwa ban taɓa ganin ta ba. Kyakkyawa ce, ban hana ta ba. Haƙora jere farare kamar na tallar man goge baki, hanci siriri miƙaƙƙe, fata sumul. Glenys hancinta ya karkata hagu tun tana shekara bakwai, ni na karya shi da sandar wasan kurket. Tana da wushirya, girarta ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kuma in ta yi dariya idanunta ɓacewa suke yi gaba ɗaya. Wannan matar idanunta a buɗe tar, tana kallonmu kamar za ta sayar mana da gida.

"Kin gani?" in ji Neville. "Minti huɗu ya ɗauka. Har gashin ido ya fito."

"Wace ce wannan?"

"Kamar yaya wace ce?"

"Tambayarka nake yi. Wace ce wannan matar da ka sa wa hular ƙanwata?"

"Glen ce mana. Daga hoton jiya aka fitar, ban ƙara komai ba. Injin ne ya cike wuraren da suka ɓace."

"Ya cike da fuskar wa?"

Ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton. Na ɗauka zai ji kunya. Sai na ga ya sa hannu a aljihun riga ya zaro ɗan littafinsa da biro.

"To faɗa mini inda ya kuskure, sai in koma in gyara. Hancin ne?"

"Ni kake tambaya? Shekara hamsin da ɗaya kana karya kumallo da matar nan a tebur ɗaya, ni za ka tambaya?"

"Hoton ya shekara arba'in da uku, Coral. Mutum yana canzawa. Ke kanki ba haka kike ba a tamanin da ɗaya."

Maxine, wadda ta ga iyalai iri-iri suna faɗa a ɗakin nan, ta yi gyaran murya.

"Mista Pascoe, mun gama shirya ta tun safe. Na san ranar Talata ka ce ba ka buƙatar ganin ta, amma tana ɗakin nan na gefe. In kuna so, ƙofa a buɗe take."

"Ba sai an..." ya fara.

"Shiga," na ce. "Fuskar tana nan har yanzu, ba ta tafi ko'ina ba. Shiga ka duba da idonka ka ga ko hancin ne."

Na tura shi da hannu biyu a baya har ya shige, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa na harɗe hannuwa. So nake in ga abin da zai yi, in haddace shi, in samu abin faɗa a kansa har ƙarshen rayuwata.

Ya tsaya wajen ƙafafunta. Ya ɗaga kai ya kalli fitilun rufi. Ya kalli na'urar sanyaya ɗaki, har ya miƙa tafin hannu ya ji ta inda iskar ke fitowa. Ya ƙwanƙwasa mariƙin akwatin da farce don ya ji ƙarfe ne ko roba. Sannan ya zaro waya, ya ɗaga ta daidai fuskarsa, ya bi gefen akwatin a hankali har wajen kai, idonsa a kan ɗan allon. Ya ja baya taku ɗaya. Ya dawo rabin taku. Ya sunkuya, ya danna. A karon farko tun da ya aure ta ta cika masa hoto, kuma ba ta motsa ba. Wayar ba ta sauka daga gaban idonsa ba sai da ya juyo ya nufo ni.

A waje ya riƙe wayar kusa da firam ɗin yana duban wannan yana duban wancan.

"Na injin ya fi haske," ya ce. "Shi za a sa, Maxine."

Abin da na faɗa masa daga nan ba zan maimaita ba. Na bi shi har wurin ajiye motoci ina faɗa, ya shiga motarsa mai batir, ta ja ba ko ƙara, ya bar ni ina yi wa kwalta magana. Na dawo na ce wa Maxine a cire wannan hoton. Ta ce ta fahimce ni, amma mijin ne ya sa hannu a takardun, nasa za a bi. Na ɗauki jakata na fice ko sallama ban yi ba.

Sai da na isa gida na ɗora buta a wuta na tsaya ina jiran ta tafasa, sannan abin ya faɗo mini. Na ga Neville ya kalli fitila. Na ga ya ƙwanƙwasa mariƙi. Zan iya faɗin taku nawa ya yi. Glenys kuwa hannayenta kawai na gani a harɗe, da gefen kunne. Minti goma na yi a bakin ƙofar nan, taku biyar tsakanina da ita, idona a kan mijinta.

Da sassafe na buga wa Maxine.

"Ayya, Misis Hartley, na ɗauka kin gan ta," ta ce. "An rufe akwatin tun jiya da yamma, motar ma ta riga ta tafi coci da shi. Da kin ganta. Kumburin nan duk ya sauka, ta koma yadda take."

Aka yi jana'iza, baƙuwar matar nan tana zaune a kan akwatin ƙanwata tana yi wa jama'a murmushi. Na tsaya a ƙofa ina jiran wani ya ce wani abu. Mutum ɗari da 'yan kai suka wuce, kowa da takarda a hannu, babu wanda ya ko ɗaga gira. Merle ta rungume ni, ta dubi takardar ta ce, "Kin san na manta haka take da kyau a da?" Maza suka kewaye Neville wajen shayi suna tambayarsa sunan manhajar, yana rubuta musu a bayan takardar jana'izar. Da azahar aka ƙone gawar, kamar yadda ta nema.

Takardar na jefa ta a shara tun a coci. Ɗan fim ɗin Parkes na karɓe shi, yana nan a kan tagar kicin. Amma in na ɗaga shi ga haske, wurin da idona ya kasa gani waccan matar ce ke cike mini shi, da haƙoranta. In na rufe ido ina neman Glenys, sai in samu hancin in rasa bakin, in samu girar in rasa haɓar, kafin in haɗa su baƙuwar ta riga ta zauna. Shekarata saba'in da bakwai, ƙwaƙwalwa ba ta ƙaruwa.

Sati shida na yi ina kai da komowa, don na gwammace in sha guba da in roƙi mutumin nan wani abu. Ranar wata Talata na daure na kira shi.

"Nev, hoton nan da ka ɗauka a ɗakin Maxine. Ina so ka wanke mini shi."

"Wanne?"

"Na Glenys. A cikin akwati."

"Oh, wancan. Ai na goge shi. Fitilar ɗakin ta sa ya yi kore-kore, ga inuwata ta faɗa a rabin fuskar. Bai yi ba sam."

"Ba ya zama a wani wuri in an goge?"

"Yana zama a kwandon shara na wayar, amma duk Lahadi nake share kwandon, in ba haka ba wayar nauyi take yi." Sai muryarsa ta washe. "Amma in hoto kike so, ai sai in buga miki na jana'izar. Na sayi sabon injin buga hoto shekaranjiya, launi shida yake sha. Wane girma kike so?"